Yatsa Huɗu Na Albarushi: Tarihin Awo A Bakin Bindigar Toka



Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta, ya san ƙarar bindigar toka tun kafin ya san sunanta. Ranar Sallah muke jin ta, ko in hakimi zai hau, ko in an yi naɗin sarauta. Ta yi tsawa, tantabaru su watse, farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya turnuƙe ƙofar fada. A garuruwa da dama kuma akwai wani mutum da yara ke satar kallon hannunsa na hagu, domin yatsun ba su cika biyar ba. A garinmu wani tsoho ne mai sayar da goro a bakin masallaci. Muna ƙanana aka ce mana bindiga ce ta ci shi. Sai da muka girma muka yi ƙarfin halin tambayarsa, ya yi dariya ya ce, "Bindiga ba ta da laifi, samari. Awon babana na yi wa albarushin da babana bai sani ba." Wannan magana tasa ita ce za mu bi diddiginta yau.

Mu fara da kalmomin, tunda su ne kayan aikinmu. Bindiga daga Larabci ta zo, wato bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi daga ar-rasas, ma'ana dalma. Sunayen uku duk sun nuna mana cewa ta hanyar Sahara da Borno muka fara sanin wannan makami. Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi tun zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), cikin kayan da Dagachi ya zo da su daga Borno, kodayake masana tarihi da yawa na ganin wannan ya yi wuri. A Borno kuwa, Imam Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma yana da Turkawa masu harbin bindiga a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya sake cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ambaton Nufe na nufin hanya ta biyu ta buɗe, wato ta kudu, inda bindigogin da Turawa ke saukewa a bakin teku suke haurowa hannu da hannu.

Duk da haka doki da mashi da baka su ne suka ci gaba da riƙe fagen fama har bayan jihadi. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato, ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta yi yawan da za ta sauya yadda ake yaƙi. Lokacin nan kuwa ƙasarmu ta arewacin Kano ta ji a jikinta. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya tara bindigogi masu yawa, kuma a birninsa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa. Bayan Basasar Kano, a zamanin Sarki Alu (1894 zuwa 1903), Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano, aka gwabza a wurare irin su Gezawa da Tattarawa. Gonakin da muke nomawa yau, an taɓa ɗura bindiga a cikinsu ana gudu ana haki.

To, yaya ake ɗurin? Bindigar toka ta baki ake ciyar da ita. A tsayar da ita, a zuba albarushi, a tura tsumma da sandar ɗuri a danna, a zuba harsashi ko gutsattsarin ƙarfe, a sake toshewa, sannan a shirya wurin kama wuta, wanda a tsofaffin bindigogi dutsen ƙanƙara ne ke ƙyastawa in an ja kunama. Jinkirin nan ne ya jawo mata sunan harba-ka-ruga. Cikin duk waɗannan matakai, wanda ya fi hatsari shi ne na farko: nawa za a zuba? In ya yi kaɗan, harbin ba shi da ƙarfi. In ya yi yawa, bututun ya tsage, kuma daidai wurin hannun hagu yake riƙe.

Ba abin mamaki ba ne da kakanninmu suka amsa wannan tambaya da awon cika, domin da shi suke auna kusan komai. Je ka kasuwar Dawanau yau, gero da dawa da wake da kwano ake sayar da su ga mai sayen ci. Zakkar fid-da-kai da mudun Annabi huɗu muke fitar da ita. Nono da ludayi, mai da kwalba. Awon nauyi ba baƙo ba ne, fatake sun san miskali wajen zinariya, amma wannan harkar attajirai ce. Manomin karkarar Kano bai haɗu da sikeli sosai ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa suka riƙa saye da nauyi. Saboda haka ɗan bindiga ya auna albarushinsa kamar yadda matarsa ke auna tsaba: da tafin hannu, ko da ɗan guntun ƙaho ko gora da aka yanke daidai ɗuri guda.

Akwai kuma awo na uku da tsohon nan na garinmu ya nuna mana, wanda maharba a sassa da dama na Afirka suka sani, wato awon yatsa. In bindiga ba komai cikinta, sandar ɗuri takan nutse har wani wuri sananne. In an ɗura, sai ta ɗago. Mai bindiga sai ya jera yatsunsa a jikin abin da ya ɗago, ya ƙirga: yatsa uku, yatsa huɗu. Wannan dabara tana da hikima fiye da yadda ake zato, domin tana aiki biyu. Tana faɗin yawan abin da aka zuba, kuma tana tona asirin ɗuri biyu. Mutum ya ja kunama cikin hayaniya, bindigar ba ta tashi ba, ya ɗauka ta tashi, ya sake ɗurawa a kan na farko. In ya dubi sandarsa zai ga yatsa takwas a inda ya saba ganin huɗu.

Wannan kuskure ya faru har ga shahararrun maharba. Frederick Selous, Baturen Ingila mai farautar giwa a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, ya ba da labari a littafinsa na 1881 cewa a shekarun 1870 da hannu ake ɗebo masa albarushi daga jakar fata a zuba wa manyan bindigoginsa. Wata rana bindiga ta ƙi tashi, ya miƙa wa mai ɗaukar masa ita, shi kuwa ya zaci an harba ya sake ɗurawa. Da Selous ya ja kunama sai ta ɗaga shi ta fyaɗa da ƙasa, ƙotarta ta farfashe, ya ji rauni a fuska da kafaɗa. Mun kawo shi ne don kada wani ya ɗauka awon hannu na baƙar fata ne kaɗai. Duk inda aka yi amfani da baƙin albarushi, da cika aka auna shi a daji.

Me ya sa awon cika ya yi aiki shekaru ɗaruruwa? Dalilin yana cikin halin albarushin kansa. Abu uku ne a cikinsa: gawayi, farar wuta, da wani gishiri da masana kimiyya ke kira fotasiyam naitiret, wanda shi ne mafi yawa a mai kyau, kusan kashi 75 cikin 100. In ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake zama. Shi ya sa matsin da yake haifarwa a cikin bututu bai kai na albarushin zamani ba, kuma ɗan ƙari ko ɗan ragi ba ya sauya abu da yawa. Muna iya cewa albarushi ne mai haƙuri. Bugu da ƙari, wanda Turawa ke kawowa kasuwannin Afirka galibi mai manyan ƙwayoyi ne, mai araha, marar ƙarfi sosai, don haka mutanenmu suka saba da cika shi da yawa.

Amma haƙurin yana da iyaka, kuma kowace mace da ke awo a kasuwa ta san iyakar. Kwanon gero da kwanon gyaɗa mai ɓawo cikarsu ɗaya, nauyinsu daban. Kwanon da aka girgiza ya fi wanda ba a girgiza ba ɗauka. Haka albarushi. Mai ƙananan ƙwayoyi ya fi saurin cin wuta, sai matsinsa ya hau farat ɗaya. Wanda ya kwana cikin laimar damina ya yi sanyi, mai shi ya saba ƙara masa, sai hunturu ya zo da busasshe a yi masa wannan ƙarin. Awon yatsa ma yana da tarkonsa, domin tsawo kawai yake aunawa, bai san faɗin bututu ba. In faɗin ramin wata bindiga ya ninka na wata sau biyu, yatsa huɗu a cikinta albarushi ne ninki huɗu. Wannan ne ya sa bindigar aro ta fi ta gado cin hannu. Akwai kuma sakaci biyu da awo ba ya magani: barin fili tsakanin albarushi da harsashi saboda ba a danna ya zauna ba, wanda kan kumbura bututu ko ya fasa shi, da zuba albarushi kai tsaye daga babbar batta alhali akwai sauran garwashi a ciki. Amfanin ɗan ƙahon awo kenan na biyu: in wuta ta kama, ɗuri guda ne zai tashi, ba battar duka ba.

Turawa sun sha fama da waɗannan matsaloli su ma, sai dai sun bi wata hanya: suka ɗauke awo daga hannun mai harbi suka mayar da shi ma'aikata. Sojan Ingila mai bindigar Enfield ta 1853 ba ya auna komai a fagen fama. An riga an ƙayyade masa ɗuri da nauyi, kusan giram huɗu da rabi, an naɗe shi a takarda tare da harsashi, nasa kawai ya yage da haƙori ya zuba. Irin wannan ƙunshi ne, saboda kitsen da aka ce an shafa masa, ya zama ɗaya daga cikin musabbabin boren sojojin Indiya a 1857. Sun kuma kafa gidajen gwajin bututu, kamar na Birmingham da aka buɗe a 1813, inda ake yi wa sabon bututu ɗuri fiye da ƙima, in ya jure a buga masa hatimi. Mu a nan, gidan gwajin shi ne hannun mai bindiga.

Daga nan abubuwa biyu suka faru da suka raba hanyarmu da tasu. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi. Wannan ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin, matsinsa na hawa da sauri, ɗan ƙari kaɗan na iya tarwatsa bindiga, don haka da sikeli mai tsananin daidaito ake ƙayyade shi. Sai kuma a 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta tsaya a bakin ganuwar Kano da igwa da bindiga mai sarrafa kanta ta Maxim, kowane harsashi an auna shi tun daga Ingila, alhali da yawa daga masu tsaron birni ta baki suke ɗuri.

Bayan zuwan Turawa bindigar toka ba ta mutu ba, aiki ta sauya. A karkarar da ke kewaye da Kano mutane sun yi yawa, gona na manne da gona, ana nomawa kowace shekara da taki, ba dajin da babban nama zai ɓuya. Maharbi sai ya yi tafiya mai nisa da rani. Saboda haka a wajenmu bindigar ta fi zama kayan sarauta da na biki da na gadi. Ita ce ke gaban tawagar hakimai in sun shiga birni hawan Sallah, ita ce ke tsawa a Hawan Daushe da Hawan Fanisau. Dokar Makamai ta 1959 ma ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuninsu daban. Da masu shigowa daga waje suka yi ƙaranci, maƙeran gida suka karɓi aikin, suna yin bututu da abin da suka samu, har da bututun sitiyarin tsohuwar mota da na ruwan famfo. Wasu na da kauri, wasu kuwa suna da ɗinki a tsawonsu, ba a yi su don jure wuta ba.

A nan ne maganar tsohon garinmu ta fito fili. Ɗan ƙahon da ya gada an yanke shi ne daidai da bindigar babansa da kuma sanyin albarushin da babansa ya saba saye. Abu uku ne da suka yi zaman aure: bututu, albarushi, da ma'auni. Shi kuwa ya samo wani albarushi mai laushi daga hannun wani baƙo ana gobe Sallah, ya cika ƙahon kamar kullum, har ya ɗan yi masa tozo don tasa ta fi ta abokansa ƙara. Ƙahon bai yi ƙarya ba, cikar da aka tambaye shi ita ya bayar. Abin da bai iya faɗa ba shi ne ƙarfin abin da ke cikinsa. Mafi munin irin wannan shi ne a farke harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar toka, ko a cusa mata kan ashana. Babu ƙaho, babu yatsa, babu ma sikelin da zai sa wannan ya zama lafiya.

Kada kuma mu ɗauka sikeli shi ne ƙarshen magana. Awon nauyi ya fi daidaito, shi ya sa masu gasar harbi a ƙasashen waje kan auna kowane ɗuri tun daga gida. Amma albarushin da ya sha laima nauyinsa na ƙaruwa alhali ƙarfinsa na raguwa. A Amurka kuma, tun shekarun 1970 ake sayar da wani madadin baƙin albarushi mai suna Pyrodex, wanda aka yi shi don a auna shi da cika daidai da na asali, amma ya fi shi rashin nauyi. Wanda ya ɗora shi a sikeli ya nemi nauyin da ya saba, ya zuba fiye da ƙima. Ashe ko da ƙaho ko da sikeli, ma'auni yana da gaskiya ne kawai a kan abin da aka yi shi dominsa. Wanda ya sauya albarushi ko ya sauya bindiga, awonsa na jiya ya tashi aiki.

'Yan uwa, me ya kawo wannan cikin zancen marubuta? Na farko, da yawanmu muna son rubuta labarin tarihi, na Basasa ko na zuwan Turawa, amma sai mu ba jaruminmu bindigar toka yana harbi sau biyar a jere kamar a fim ɗin Indiya. Mai karatu da ya tashi a ƙauye zai ajiye littafin. Alhali abin da zai riƙe shi yana cikin gaskiyar: mutum a durƙushe bayan kuka, hannu na rawa, doki na tahowa, yana ƙirga yatsu a jikin sanda, bai tabbata ko ɗurin farko ya tashi ba. Na biyu, mu lura da yadda kalma ke sauya riga. A zamanin Babba Zaki, 'yan bindiga masu tsaron sarki ne, abin alfahari. Yau in rediyo ta ce 'yan bindiga, gabanmu faɗuwa yake. Wanda zai rubuta tarihi dole ya taimaki mai karatu ya gane wanne ake nufi. Na uku, tsofaffin da suka san sunan kowane ɓangare na bindigar nan, da sunayen ire-iren albarushi, da kirarin da ake mata, suna ƙarewa. Kowannenmu yana da irinsu a garinsu. Mu je mu zauna da su da biro da takarda, mu rubuta kalmomin yadda suke faɗarsu.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Rashin tsaro ya sa a ƙauyukan da ke iyaka da Katsina da wasu wurare an sake zaro tsofaffin bindigogi daga ƙarƙashin gado, suna komawa hannun samarin da ba su taɓa zama gaban mai koyarwa ba. Sun gaji ƙarfen, ba su gaji ilimin ba. Ba aikinmu ba ne mu koya wa kowa ɗuri, wannan na masana ne da hukuma. Amma gajeren labari ɗaya da ya nuna yadda ɗan ƙarin tozo a bakin ƙaho ya raba saurayi da yatsunsa ana gobe Sallah zai iya isa inda wa'azi bai isa ba.

Tsohon nan na garinmu ya rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙansa. Ɗan ƙahon yana nan a hannun jikokinsa, sun rataye shi a zaure, ba wanda ya ƙara aunawa da shi. Wanda ke da irin wannan labari daga garinsu, ko ya san wata kalma ta 'yan bindigar gargajiya da ba mu ambata ba, ya taimaka ya kawo mana ita mu ƙaru.